Jinin da Dodon Fadama Ya Zubar, Yana Wuyan Wa?

A ƙasar Amurka akwai waɗansu 'yan littattafai da a ke bugawa wata wata, waɗanda a ke ba da labari a cikinsu da zane, hoto na bin hoto, maganar kowane mutum an rubuta ta cikin 'yar da'ira bisa kansa. Galibin labarun nan na jarumai ne waɗanda masu hikima suka ƙaga, wani ya tashi sama ba fiffike, wani ya ɗaga mota da hannu ɗaya. Tun daga 1938, shekarar da aka fito da Superman, irin waɗannan jarumai suka yi ta yawaita. Da ya ke jarumi ba ya amsa sunansa sai da abokin karawa, kowannensu an tanadar masa miyagu. To, a cikin miyagun nan akwai wani da ya fita dabam, sunansa Solomon Grundy, dodo ne da ya taso daga cikin fadama. Babu shi a duniya, ba a kuwa taɓa yinsa ba, kamar dai Gizo da Ƙoƙi. Amma tambayar da labarinsa ya ɗauko, alƙalai na gaske sun sha karo da ita a majalisa. Wanda ya yi ɓarna ba da hankalinsa ba, a kira shi mugu? In kuwa ba mugu ba ne, jinin da ya zubar yana wuyan wa?

Ga asalin labarin. A watan Oktoba na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani marubuci mai suna Alfred Bester da wani mai zane, Paul Reinman, suka fito da shi a littafi na 61 na jerin da a ke kira All-American Comics. Suka ce wai wajen ƙarshen ƙarni na 19 an yi wani attajiri, Cyrus Gold, aka kashe shi, aka ɗauki gawarsa aka jefa cikin wata fadama a bayan birnin Gotham, wanda shi ma birni ne na cikin labari. Ma'anar sunan wurin, Fadamar Kisa. Gawa ta nutse. Shekara 50 tana kwance cikin laka, saiwoyi da ruɓaɓɓun itatuwa suna ta manne wa ƙasusuwan, har ran nan wani ƙato ya yunƙura ya tashi daga ciki, fari fat sai ka ce an shafe shi da toka, ba ya jin zafi, bai kuwa san ko shi wane ne ba.

Kada mai karatu ya ji an ce fadama ya tuna da irin wadda a ke dasa rake da albasa, wadda magada kan kai ƙara saboda ita. Wannan ruwa ne kwance, baƙi ƙirin, ba ya gudu ba ya ƙafewa, ga surƙuƙi, ga taɓo wanda in mutum ya taka sai ya haɗiye shi. Irin wurin nan ne mai laifi kan nufa in yana da abin ɓoyewa. Sai dai fadama ba ta da amana. A 1950, a ƙasar Denmark, waɗansu mutane suna yankan wata irin baƙar laka da a kan busar a yi makamashi da ita, sai suka tono gawar wani mutum da igiya a wuyansa, fuskarsa ba ta lalace ba, har gashin gemu ana gani. Suka zaci kisan kwanan nan ne, suka kira 'yan sanda. Da masana suka bincika, ashe mutumin ya fi shekara 2,000 da mutuwa. Ana kiransa Mutumin Tollund, yana nan ajiye a gidan kayan tarihi na garin Silkeborg. Watau masu ƙaga labarin Grundy ba su yi nisa ƙwarai da gaskiya ba. Abin da aka ba fadama ajiya ta kan dawo da shi, ko ba daɗe ko ba jima.

Da dodon nan ya fito, sai ya yi kiciɓis da waɗansu masu laifi biyu da ke ɓoye a fadamar, ya kashe su, ya sa tufafinsu. Daga nan ya faɗa zangon waɗansu 'yan gararamba suna jin wuta. Suka tambaye shi sunansa, ya rasa. Abin da kaɗai ya iya tunawa shi ne an haife shi ran Litinin. Wani daga cikinsu ya tuna da wata tsohuwar waƙar yara ta Ingila, wadda James Halliwell ya buga a 1842, mai ba da labarin wani mutum da rayuwarsa duka ta ƙare cikin mako guda, daga haihuwa ran Litinin zuwa kabari ran Lahadi. Sunan mutumin cikin waƙar Solomon Grundy, sai suka laƙaba masa, kamar yadda Bahaushe kan kira wanda aka haifa ran nan Ɗanliti. Ko sunan ma ke nan na aro ne. Sa'an nan aka shiga fashi da shi.

Jarumin da ya tare shi sunansa Alan Scott, wanda a ke yi wa laƙabi da Green Lantern, watau Koriyar Fitila. Yana da wani zobe mai fid da koren haske, wanda ya kan sarrafa ƙarfe ya karya makamai da shi, amma zoben ba ya cin itace. Jikin Grundy kuwa rabinsa itace ne. Saboda haka dole jarumi ya koma ga ƙarfin damtse, har ya jefa dodon ƙarƙashin jirgin ƙasa. Aka ce ya mutu. Bai daɗe ba ya dawo. Aka kulle shi cikin ƙwallon haske, ya fito. Aka kai shi duniyar wata aka yar, ya sake dawowa. Yau fiye da shekara 80 ke nan ana kashe shi a takarda yana tashi, kowane tashi kuwa ya kan zo da wani hali, wani zubin da ɗan wayo, wani zubin kamar jariri.

To, a koma ga tambaya. Kusan ko'ina a duniya masu shari'a sun yarda laifi ƙafa biyu gare shi, aiki da nufi. A watan Janairu na 1843 wani mutum mai suna Daniel M'Naghten ya harbi Edward Drummond a birnin London, yana zaton Firayim Minista Robert Peel ne, domin ya daɗe yana ganin wai mutanen gwamnati suna binsa za su hallaka shi. Drummond ya mutu. Likitoci suka shaida mutumin ba shi da hankali, kotu ta ce ba shi da laifi. Jama'a suka fusata, har Sarauniya Victoria ba ta ji daɗin hukuncin ba. Majalisar Dattawan Ingila ta kira manyan alƙalai ta tambaye su, suka tsara ƙa'idar da har yanzu a ke kira da sunan mutumin: ba a kama mutum da laifi in ciwon hankali ya hana shi sanin abin da ya ke yi, ko ya hana shi sanin abin nan ba daidai ba ne. Amma fa ba sakinsa aka yi ya tafi gida ba. An tsare shi a asibitin masu taɓin hankali shekara 22, har ya mutu a can a 1865.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan, sun ma tafi gaba da haka. A mazhabar Malikiyya ba a yi wa mahaukaci ƙisasi in ya yi kisa cikin haukarsa, a kan ɗauki aikinsa kamar kuskure, danginsa su biya diyya. In uba ko malami ya umurci ƙaramin yaro ya kashe wani, wanda ya ba da umurnin shi a ke kamawa, domin yaron kamar wuƙa ya ke a hannunsa. Haka kuma in dabbobi suka shiga gona da dare suka yi ɓarna, ba wanda zai kai sa gaban alƙali. Mai shanun a ke nema.

Marubutan Grundy sun ba da wani labari a 1988 wanda ya zauna daidai kan wannan ƙa'ida. A lokacin dodon ya shaƙu da wata yarinya jaruma mai suna Jade, wadda kuwa 'yar Alan Scott ce, tsohon abokin gabansa. Abin da ta ce shi ya ke yi. Sai wata makira, Harlequin, ta rikiɗa ta ɗauki kamannin Jade, ta sa shi ya kama hannun wani mutum mai dafi a fata ya ɗora wa shugaban ƙungiyar su Jade, Sylvester Pemberton. Nan take Pemberton ya mutu. Hannun Grundy ne ya yi aikin, ba shakka. Amma abin da ke cikin ransa a lokacin biyayya ce ga wadda ya ke ƙauna. Duk alƙalin da ya san aikinsa, matar nan zai fara nema. Da ma an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to, balle wanda bai san gabas ba bai san yamma ba.

Da a ce kowane kisa na Grundy haka ya ke, da magana ta ƙare. Amma akwai mutanen nan biyu na farko, waɗanda ya kashe tun bai haɗu da kowa ba. Ba wanda ya aike shi. Masu laifi ne, gaskiya, amma laifinsu bai sa jininsu ya halatta ga duk wanda ya ga dama ba. Wani zai ce a koma ga wanda ya kashe Cyrus Gold, tun da shi ya shuka irin. Wannan magana tana da ƙarfi, domin da bai yi kisa ya ɓoye ba, da fadama ba ta sami abin haihuwa ba. Sai dai ba ta kai ko'ina da ko'ina ba. Mai kisan nan ya yi nufin ran mutum ɗaya, wannan yana wuyansa cif. Bai san gawa za ta tashi bayan shekara 50 ba, ba kuwa mai hankalin da zai zaci haka. In aka ce kowane abu da ya biyo bayan laifin mutum har abada nasa ne, to, ma'auni ya ɓace, domin ba aikin da ba shi da jikoki da tattaɓa-kunne. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan tsuntsun ya ja ruwa ya shige, ruwan ya sauka a kan waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ya yi kukan.

Abin da ya rage ke nan shi ne, akwai jinin da ba shi da cikakken mai shi. Wannan kuwa shi ne abin da zuciyar ɗan Adam ta fi ƙi. In tsawa ta kashe mutum a kan yi haƙuri, domin tsawa ba ta da fuska. Amma in abin da ya yi kisan yana da ido biyu da hannu biyu, yana ma iya 'yar magana, sai zuciya ta ƙi yarda a ce ba wanda za a tsana. Fushin mutanen London a 1843 daga nan ya taso. Daga nan ne kuma, ga alama, marubutan da suka zo daga baya suka sāke wa Cyrus Gold tarihi. Attajirin da aka zalunta ya koma ɗan ta'adda, mai kisa, wanda mugun halinsa ne ya kai shi fadama. Da haka mai karatu ya sami sauƙi, ya ga ana dukan dodo bai ji komai ba, tun da an ce da ma can mugu ne. Wannan gyara ya sauƙaƙa labarin, amma ya rage masa daraja.

Ko da an yarda Gold mugu ne, wata tambaya tana nan. Ƙaton da ya tashi daga laka shi ne Gold? Wani masanin Ingila, John Locke, ya yi dogon bayani kan irin wannan a bugu na biyu na babban littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, a 1694. A ganinsa, abin da ya sa mutumin yau ya zama shi ne na jiya, saninsa ne da kansa. Iyakar inda tunawarsa ta kai, nan iyakarsa ta ke, nan kuma alhakinsa ya tsaya. Ya ce dalilin da ya sa kotu ke hukunta mashayi kan abin da ya yi cikin maye, ko da ya rantse bai tuna ba, shi ne kotu ba ta da hanyar tabbatar da rantsuwarsa. In aka bi Locke, Grundy ba Gold ba ne, ƙasusuwa kaɗai suka haɗa su. Grundy na bana ma ba shi ne na bara ba.

Locke ya yi gaskiya rabi. Horo ba shi da ma'ana ga wanda ba zai iya haɗa bulalar da laifin ba, duka ne kawai. Amma mantuwa ba ta biyan bashi. In mutum ya ci bashin buhun gero, sa'an nan ya faɗi daga kan doki ya manta kome, mai geron bai manta ba, rumbunsa kuwa bai cika ba. Matar wanda aka kashe tana nan tana takaba ko mai kisan ya tuna ko bai tuna ba. Nan ne hikimar malaman fiƙihu ta bayyana, da suka raba abu biyu da mutane kan cakuɗa. Suka ɗauke azaba daga kan marar hankali, suka bar hakkin wanda aka cuta, suka ɗora shi a kan waɗanda ya kamata su kula da shi. Alƙalan Ingila kuma suka riƙe abu na uku, watau tsare shi don kada ya sake. A cikin labarun Grundy, jarumai sun ƙware a tsarewa, har sun kai shi duniyar wata. Maganar diyya ce ba a cika jin ta ba, domin dodo ba shi da dangi, birnin da ya bar fadamar nan a bayan ganuwarsa kuwa ba ya ganin kansa a cikin dangin.

Labarin da ya fi duka taɓa zuciya James Robinson ya rubuta shi, a jerin Starman da ya fara a 1994. A nan Grundy ya tashi da taushin zuciya, aka same shi a magudanun ruwa na ƙarƙashin birnin Opal, ba ya cutar kowa. Wani saurayi jarumi, Jack Knight, ya ja shi a jiki. Amma uban Jack, tsoho Ted Knight, abokin Pemberton ne. Ga fuskar da ta kashe abokinsa tana zaune kusa da shi, tana dubansa da idon yaro. Ya ƙi shi, ai ba wanda zai ga laifinsa. Ya yafe masa, me zai yafe, tun da wannan bai san an yi ba? Yafiya a kan yi ta ne ga mai laifi. Abin da tsohon ya yi a ƙarshe ya fi yafiya wuya: ya yarda wanda ya ke nema da fushinsa ba ya nan, ba kuwa zai taɓa samunsa ba. Daga baya wannan Grundy ɗin ya ba da ransa don ya ceci Jack lokacin da gini ya rufto.

Nan wani mai gardama zai tsaya, ya kuwa kamata a saurare shi. Zai ce, an wanke dodo daga zargi da hujjar ba shi da hankali, to, don me a ke so a yabe shi? In kisan ba nasa ba ne, ceton ma ba nasa ba ne. Bango in ya tare wa mutum kibiya ba a yi masa godiya. Maganar tana da ma'ana, amma ta ɗauki hankali kamar fitila, ko a kunne ko a kashe. Hankali kuwa ya fi kama da asuba, yana da mataki mataki. Grundy bai san doka ba, bai san makirci ba, amma ya san wanda ya kyautata masa, ya kuma san abin da ke faɗowa zai murƙushe abokinsa. Iyakar saninsa ke nan, a cikin iyakar nan kuwa ya yi zaɓi. Abin mamaki shi ne, halin da ya ceci Jack shi ne halin da ya kashe Pemberton, watau riƙon wanda ya amince da shi. Hali ɗaya ne, hannuwan da ya faɗa ne suka bambanta. Ana iya yabonsa kan abin da ya gani ya zaɓa, ba tare da an kama shi kan abin da aka rufe masa ido aka sa shi ba. Haka a ke yi wa ƙananan yara a kowane gida, ba kuwa wanda ya ce rashin adalci ne.

A 2003 masu shirya majigin zane na Justice League suka ɗauki dodon suka sa shi neman ransa da ya ɓace. Ya shaƙu da wata jaruma mai fukafukai, Hawkgirl, wadda mutanen duniyarsu sun daɗe da barin bautar kome, ita kanta ba ta gaskata akwai wani abu bayan mutuwa ba. Ya yi yaƙi tare da su, ya sami raunin ajali. Yana kwance ya tambaye ta ko ransa yana can yana jiransa. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta yi imani da shi, sai ta fasa, ta amsa masa da i. Suka binne shi kamar yadda a ke binne mutum, suka rubuta sunan aron nan a kan dutse.

A shekarar da ta biyo, 2004, aka nuna waɗansu 'yan makaranta suna wasa da tsafin da ba su san kansa ba, suka tashe shi. Wannan karon ya dawo ba magana, ba tunawa, sai ɓarna, ƙarfinsa kuwa ya fi na dā, har manyan jarumai suka kasa tare shi. Makamin da kaɗai zai iya kwantar da shi kulkin Hawkgirl ne. Wani ya ce ta ba shi ya yi aikin a madadinta, ta ƙi. Ta bi shi ita kaɗai cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ta same shi a raɓe, ta yi masa magana a hankali kamar mai lallashin yaro, sa'an nan ta ɗaga kulkin. Da ta fito, waɗansu cikin taron da ke waje suka yi mata ihu, saboda wani tsohon laifi nata da su ba su manta ba.